Baƙin Man da Motarka Take Sha

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai gida, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama da sanyin makwanci. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba. Ko kabarinka ban taɓa gani ba, tunda a garin nan mata ba sa shiga maƙabarta. To ina zan kai maganar da take cina, in ba takarda ba?

Muna nan lafiya a unguwarmu ta Shisha, a nan Makka. Autarka Nafisa ta samu lasin tuƙi bayan rasuwarka, ita ta riƙa kai ni asibiti a motarka saboda gwiwar nan. Hausarta tana nan yadda ka bar ta, kalma ɗaya tamu, uku na Larabawa. Masu shagunan titin Mansur da kake kai wa kuka da daddawa suna yi maka addu'a duk ranar da na bi ta layin.

Malam, motarka ta tafi. Ranar Talata bayan azahar aka ɗora ta a bayan babbar mota zuwa tashlih, inda ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da sassansu. Kuma ni ce sila. Nafisa ba ta san iyakar laifina ba, kai kaɗai zan iya faɗa wa.

Ka tuna 'yan kwalayen nan da kake yankawa daga kwalin shayi? Duk ranar da aka yi wa motar juye, sai ka rubuta wani abu da ajami, ka jefa a akwatin gaban mota. Da na fita takaba na sauka na share ta da hannuna. Na tarar da su sun kai talatin, wasu sun sha maiƙo, biyu sun faɗo inda ake taka ƙafa. Da na ɗaga na farko sai na ga bismilla a samansa. Na biyu ma haka. Sunan Allah a ƙarƙashin takalmi? Na tattara su duka, na hau saman bene na ƙona su, na binne tokar inda ƙafa ba ta zuwa, kamar yadda aka koya mana a makarantar allo. Layin farko kawai na karanta. Ban duba abin da ke ƙasa ba. Ashe a nan kake rubuta irin baƙin man da take sha, da tafiyar da za ta yi kafin a sake.

Har daɗi na ji ranar, wai na gyara maka wani sakaci.

Da lokacin juye ya yi, muka nemi bakanikenka Malam Idi mutumin Maraɗi, muka tarar an rushe layin garejinsa a unguwar Nakkasa, ba wanda ya san inda ya koma. Sai muka shiga wani sabon wuri a nan kusa. Bakaniken wurin bai cuce mu ba, in faɗi gaskiya saboda Allah. Ya tambayi irin man da aka saba zuba mata. Nafisa ta juyo ta dube ni. Shekara ashirin da shida ina gidanka, a ce ban san abin da motar mijina take sha ba? Kunya ta hana ni cewa ban sani ba. Na ce a zuba mafi kyau, irin wanda ake zuba wa sababbin motoci. Ya sake tambaya, na sake maimaitawa. A zuciyata karrama ta nake yi. Na ga man yana zuba tsararo kamar ruwan shayi, na ce lallai wannan shi ne mai tsabta.

Ba a yi sati uku ba na fara ganin ɗigo a ƙasa inda take kwana. Sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa. Na ce tsufa ne. Kai kullum da safe sai ka buɗe gaban motar, ka zaro ƙarfen nan na auna mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Sau nawa na gan ka ta taga? Ban taɓa tambayar abin da kake dubawa ba.

Ranar da ta lalace daga asibiti muke, rana tana dukan kwalta. Muna cikin ramin dutsen nan na hanyar gida jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Nafisa ta so ta tsaya da mun fita. Ni na hana ta. Na ce ta daure mu ƙarasa, kada la'asar ta kufce mana a titi. Kafin mu kai gida injin yana ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmin ƙarfe. Na samu sallata a kan lokaci, Malam. Ban san me na karanta a cikinta ba.

Wata mai sayar da masa a Mansur ce ta nuna mana inda Malam Idi ya koma. Da ya ga motar sai da ya share ido da hannun riga. Bai ko duba takarda ba ya ce baƙin mai mai lamba ashirin da hamsin take sha, mai kauri, shi kake zuba mata tun tana da ƙarfinta. Ya yi mini bayani a hankali. Wai tsohon inji ya riga ya saki, ƙarafansa sun cinye juna, robobinsa sun bushe, mai kauri ne yake cike giɓin ya riƙe shi. Wanda na sa aka zuba, na sabon inji ne matsattse. A zafin Makka ya ƙara tsinkewa, rabi ya tsiyaye, rabi ya ƙone, injin ya yi ta gudu a bushe. Bai ce laifina ne ba. Da ma ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Ya juye, ya zuba mata nata. Ƙarar ta ragu, ba ta tafi ba. Sau biyu muka kai ta fahas, gwajin da in mota ba ta ci ba ba a sabunta takardunta, sau biyu tana faɗuwa saboda hayaƙi. Ya nemi kayan injinta har Jidda bai samu ba.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Wata Juma'a ka shigo da ɗigon mai a yatsa, ka murza shi a gabana, kana so ka nuna mini yadda ake gane mai kauri. Ka ce wata rana zai yi mini amfani. Na kawar da kai, na ce ka wanke hannu tuwo yana hucewa, kuma kada ka taɓa farar rigarka. Ka yi murmushi ka nufi famfo. Me zai rage ni da na tsaya minti ɗaya? Na iya wanke maiƙo daga tufafinka, ban iya sauraron mai tufafin ba. Ka yafe mini.

Galan ɗaya na ashirin da hamsin ya rage, ba a ko buɗe shi ba. Jiya na aika wa maƙwabcinmu Malam Haruna da shi, tasa motar ma sa'ar taka ce. Na yi niyyar ladan ya je gare ka. Ban taɓa jin an yi wa mamaci sadaka da baƙin mai ba, amma shi ne abin da ke hannuna, Allah kuma ya san abin da nake nufi.

Yanzu tasi muke hawa zuwa asibiti. Tabon man yana nan a ƙofar gida, ban bari an zuba masa ƙasa ba.

Takardar nan ma da bismilla na buɗe ta, ka ga ita ma saman bene za ta. Amma ba zan kunna ashana ba sai na karanta ta har layin ƙarshe.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu inda ba a rabuwa.

Taka, wadda ba ta tsaya ta ji ba,
Maman Nafisa