Rasuwar Kofur Tsinke, Telan Layin Ɗinki

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Teloli ta Layin Ɗinki, a madadin mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya da ɗaukacin mambobi, na sanar da samun labarin rasuwar ɗanmu kuma abokin sana'armu, Kofur ɗin da duk layi ke kira Tsinke saboda sirantakarsa, wanda ya kwanta dama a fagen daga bayan motar da ke ɗauke da shi da 'yan'uwansa sojoji ta taka nakiya.

Marigayin ya tashi ne a shagon mai girma Shugaba, daga saka maɓalli har ya mallaki kekensa. Bahago ne, ɗinkin hannunsa kan karkata ta baibai, ya kuma rufe shi da ƙulli biyu, ɗabi'ar da Shugaba ya yi faɗa a kanta har ya gaji ya ƙyale. Da yaƙi ya tsananta ya rufe kekensa da zane ya shiga soja, inda ranar farko sai da ya rage kakin da aka ba shi don ya yi masa yawa. A can ma bai ajiye allura ba, shi ke yi wa abokansa faci a bakin ramin da suke fakewa, ba ya karɓar komai sai godiya.

Dole mu faɗi abin da ba ma son faɗa. Wuta ba ta bar masa fuskar da za a nuna wa iyaye ba, shi ya sa har yau mahaifiyarsa, dattijuwa mai daraja, ta ƙi karɓar gaisuwa, wasu kuma na shiga suna ce mata wataƙila kama shi aka yi. Mun san tausayi ne, amma cutar da ita ake yi, domin ko motsin ƙofa ta ji sai ta miƙe.

Mai girma Shugaba ya je bariki da kansa, aka nuna masa abin da ya saura na wandon kakin da ke jikin gawar. Ya juya kalmasar, ya ga karkataccen ɗinki da ƙulli biyu. Ya ce bai taɓa fatan idonsa ya yaudare shi ba sai ranar.

Muna roƙon Allah ya jiƙan Tsinke, ya ba mahaifinsa da ƙannensa juriya, ya ba mahaifiyarsa ƙarfin yarda. Duk mai zuwa gidan, don Allah gaisuwar mutuwa zai yi mata.

Mai Almakashi,
Kakakin Ƙungiyar Teloli ta Layin Ɗinki