Wankin Ɗan Majalisa

Washington, Janairu 1846

Uwargida Lavinia,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai dai nan ba kotun garinmu ba ce. A can in na miƙe, ko tari ba a yi. A majalisa kuwa na daɗe ina roƙar mana gada, wasu na tauna taba, wasu na gyangyaɗi. Ba komai, zan saba.

Ga rigunana nan tafe, a wanke. Kin san duk ƙunshin da ɗan majalisa ya sa wa hannu, kyauta gidan waya ke kai shi. Abokin ɗakina, wakilin Kentucky, ya ce, "Lauya, dattinka ya fi ka zumunci, kullum yana hanyar Indiana." Na ji mai gidan wayarmu na yayata zancen don in faɗi zaɓe. Ƙyale shi.

Gaskiya akwai mai wanki a ƙasan benenmu, kuma ta iya. Amma nata ba ya ƙamshin hayaƙin murhunki. Ki shanya su kusa da wuta, su daɗe.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mijinki,
Thaddeus