Harshen jikata irin nawa ne, amma na ce ban sani ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, da murya na turo, ka rubuta amma ka ɓoye sunana. Don Allah shawararku nake roƙo, ni tsohuwa ce, kada ku yi mini dariya.

A Matameye aka haife ni, tun Faransawa ba su tafi ba. Ina yarinya harshena ya fara wani irin zane, ja-ja da fari a gefe, yau yana nan, jibi ya koma can, in na ci yaji kamar an sa mini garwashi. Wata rana muna cin tuwo da yaran maƙwabta, wata ta leƙa bakina ta ruga ta gaya wa uwarta, kafin la'asar unguwa ta ɗauka wai harshen maita ne. Aka hana yara haɗa kwano da ni. Babana yana Kano cin rani, Inna ita kaɗai ta yi ta fama, ta jiƙa mini jar kanwa, ta goga mini gishirin Balma har in yi kuka, daga baya ta kai ni likita Damagaram aka ba ni ƙwayar ƙarin jini. Ya lafa amma bai tafi ba. Haka na girma ina ɓoye shi, ko 'ya'yan da na haifa ba su sani ba.

To bana sai ga shi ya fito wa jikata, ɗiyar ɗana na auta. Muka kai ta asibiti ni da uwarta, likita ya ce ba mugun abu ba ne, ba a ɗaukarsa a kwano, ya rubuta ƙwayar zink da ta ƙarin jini, ya ce wasu tana rage musu zafin. Sannan ya tambaya ko akwai mai irinsa a dangi, don yakan bi jini. Surukata, uwar yarinyar, ta ce ita dai ba ta sani ba a nasu, ta juyo ta ce, "Hajiya, ko kin san wani?" Na ce a'a. Wallahi bakina ya riga tunanina.

Yanzu 'ya'yana mata sun ɗora wa surukata laifi, baiwar Allah, wai daga danginta na Yauri ne, har babbarsu ta furta kalmar nan da aka jefe ni da ita. Yarinyar ta ji, ta ƙi shan maganin, wai me zai yi wa mayya. Uwarta ta ce in ba a daina ba za ta koma gidansu, amma kullum da safe ita ke kawo mini kunu ta durƙusa ta gaishe ni, ni ko na kasa haɗa ido da ita.

Jama'a, ya zan yi? In tara su duka in buɗe baki su gani, ko in fara kiran surukata ɗaki in roƙe ta gafara? In ta tambaye ni me ya sa na bari aka zage ta ina zaune, me zan ce mata?