Mai Fartanya Aka Kama

Daren Laraba, tsakiyar damina, Fashaga

Yau ma lori bai zo ba. Laka ta cinye hanyar Gadarif, ko tarakta ba ta iya fita daga kambo, sansaninmu na leburorin gona. Batirin rediyo ya mutu. Abin da ya rage mana shi ne sabon littafin ɗan sandan cikin nan da nake so, wanda nake karanta wa leburori bayan isha'i.

Tun da muka fara suke musu kan wanda ya kashe attajirin cikin labarin. Baba Idi, ɗaya daga cikinsu, ya rantse ɗan attajirin ne. "Ba ku ga yadda yake kallon gonar ba? Halas, magana ta ƙare, shi ne!"

Ɗazu na kasa haƙuri, na leƙa ƙarshen ni kaɗai. Ashe lebura ne. Wani baƙo da ya zo noma, bai buɗe baki ko sau ɗaya a littafin ba, ko suna ba a ba shi ba. Ɗan sandan da a littattafan baya yake tona asirin manya, yau ya kama mai fartanya, ya tafi shan shayi da ɗan attajirin. Tir!

Na so in jefa shi a murhu, amma in na ƙona shi da me za mu ci dare a wannan laka?

Baba Idi ya leƙo bukkata. "Malam Sale, gobe za mu kama shi ko?"

Na ce in sha Allah.

Gobe ɗan attajirin ne zai yi kisan. Duk kambon nan ni kaɗai na iya karatu.