Abin da ke Bayan Firiza

Zuwa ga ƙanena Dogon Kunne,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da yara da babansu. Ina fata kana lafiya, kai da littattafanka. Yaya ciwon idon nan? Inna ta ce a gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, takarda ba ta cika ciki.

Bayan haka, barka na rubuto in yi maka. Kai, ilimi ya yi! Mun ji ka a rediyo. Muryar nan da muka sani tana kukan alewa, yau ita ake ce wa masani. Mai gabatarwa ya ce kundinka na digiri na biyu shi ya zo na ɗaya a sashen Turanci. Har na ƙara sauti, na ce wa matar da nake yi wa kitso ta saurara, jinina ne ke magana. Ashe da hannuna nake tura itace a wutar da za ta ci ni.

Bari in tuna maka, don na lura mai karatu da yawa saurin mantuwa gare shi. Bara ka zo hutu ka same mu a shago ana nuna wasan Turawan nan na gidan attajirai, wanda muke kira Gidan Rikici. Ni mai aji uku a sakandare ina tsinto wa mata Turancin, inda ya fi ƙarfina in cike da nawa, su kuma suna yanke wa kowa hukunci. Ka zauna a bencin jira baki buɗe. Ka ce wai wannan bincike ne a zaune: yadda matan da Turanci ba harshensu ba ne suke fahimtar wasan Turanci. Ka roƙi a bar ka ka ajiye wayarka a kan kantar shago, tsakanin kwalaben man gashi, ta riƙa ɗaukar hirarmu. Aminiyata Mai Ƙanƙara ce ta fara yarda. Ta ce a bar yaro ya yi karatunsa, ai mu muka goya shi. Kuma ta goya ka ɗin, har fitsari ka sha yi mata a baya. Ka rantse ba za ka faɗi sunan kowa ba.

Alkawari kam ka cika, na shaida. Abin da ka ce a rediyo shi ne wata mata mai 'ya'ya biyar, tana sayar da ƙanƙara, mijinta mai gyaran janareto. Dogon Kunne, tsaya don Allah. Wa ya san sunan matar nan na gaskiya a layinmu? Ni da na tsufa ina taje mata kai sai na yi tunani kafin in tuno shi. Mai Ƙanƙara muke ce mata, mijinta Mai Janareto. Ka ɓoye sunan da ba wanda ya sani, ka shelanta wanda ɗan yaye ma ya haddace. Da ma sunan ka faɗa, da har yau ana neman ko wace ce.

Sannan ka kawo maganarta tiryan-tiryan. Ranar nan da matar Mai Sanƙo a cikin wasan ta ɓoye ƙwayoyin hana ɗaukar ciki a gwangwanin shayi, mijin ya gano. Mai Ƙanƙara ta yi dariya har da hawaye, ta ce Baturiya da wauta, wa ke ɓoye abu a inda namiji ke sa hannu kullum safe? Ta ce ita nata suna bayan firiza, cikin buhunan da take lulluɓe ƙanƙara, inda mai gidan bai taɓa leƙawa ba. Ka ce wannan shi masana ke kira turjiya, mai kallo ta ɗauki labarin allo ta mai da shi makami. Mai gabatarwa ya ce ilimi kogi ne. Ba ka gaya masa haihuwar ta biyar ta kusa tafiya da ita ba, likita ya ce ta huta, mijin ya ƙi ji. Wannan ba ya cikin kundin, ko?

Shi kuwa Mai Janareto, kowa ya san rediyonsa a rataye yake a ƙusa daga safe har yamma. An ce sifana ya ajiye, bai ko goge baƙin man hannunsa ba, ya tsallaka titi. Ya janye firiza.

Yanzu tana gidan yayanta da ƙaramar yarinyar, manyan huɗu suna wajen uban. Ba a yi saki ba tukuna. Ƙanƙarar ta narke, ruwan ya gangaro har ƙofar shagona.

Ka zo cikin makon nan mu je mu durƙusa musu, shi da ita. Kada ka kira ni, na daina yarda da waya tun da na ga aikin taka. Shi ya sa na ba direba wannan.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Mai Kitso

*

Zuwa ga ƙanena masani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Inna na gaisuwa. Ban gaya mata komai ba, hawan jininta ya ishe ta.

Amsarka ta iso, madalla da rubutu mai kyau. Na karanta daga farko har ƙarshe ina neman inda ka ce ga ni nan zuwa, ban gani ba, na ɗauka tabarauna ne. Na ga dai ka ce ka bi ƙa'idar jami'a, kwamiti ya duba ya amince, malamin da ke duba aikinka ya ce ba ka da laifi, haka ake sakaya mai magana a duk duniya: a cire suna, a sa sana'a da yawan 'ya'ya. To su waɗanda suka kafa ƙa'idar, a garinsu maƙwabci bai san sana'ar maƙwabci ba. Mu nan sana'ar ce sunan. A layin nan aka haife ka, kai kanka ƙanen Mai Kitso ake ce maka. Littafi ya gaya maka yadda ake ɓoye mutum, ka yarda da shi, ka manta da titin da ya raine ka.

Ka kuma ce ba za ka iya zuwa ba, kana shirya takardar da za ka gabatar a taron masana. Allah ya ba da sa'a. Ni na je ni kaɗai.

Na fara da Mai Janareto. Na ɗauka zai zage ni, da ya fi min sauƙi. Ya miƙo min kujera, ya ci gaba da kwance injinsa. Ya ce shi ba ƙwayoyin ne suka fi ƙona masa rai ba. Da a ɗaki ya gano, da sun yi faɗansu sun shirya, bango ne kaɗai shaida. Amma gari guda ya ji matarsa na yi masa dariya. Masu kawo gyara sai su tsaya suna kallon kansa, 'yan tasha har sun fara ce masa Mai Sanƙo, ga shi da ma gashin ya fara ƙaura. Ya ce in gaya masa ta wace ƙofa zai bi ya ɗauko ta ba a ce rediyo ya fi ƙarfinsa ba. Na tashi na yi masa sallama.

Ita kuwa, na same ta tana wanki a gidan yayanta, ta rame kamar an zare mata wani abu. Ta kawo min ruwa, ta zauna nesa. Na yi rantsuwa, na yi kuka, na zage ka tas. Ta tashi ta koma kan wankinta. Da zan tafi ta tambaye ni ko yaron ya ci jarrabawar dai. Wallahi da ma marina ta yi.

Kuma abin bai tsaya nan ba. 'Yar mai kanti ta samo kundin naka a intanet, tana karanta wa mutane tana fassarawa, layi ya mai da shi wasan canka-canka. Matar mahauci mai ciwon ƙafa. Bazawara mai keken ɗinki. Ba a ɓata ko ɗaya ba. Ni ma na sa an buga min, na zauna da ƙamus. Na ga inda ka cika shafuka kana bayanin dalilin da kyamara ke nuna ƙofar ɗakin Mai Sanƙo a rufe, da abin da launin labule ke nufi, da yadda matarsa ke sauya kalma in tana tsoro. Ka iya ganin tsoro a bakin Baturiyar da ake biya ta yi tsoron. Matar da ta goya ka ta yi dariyar tsoro a gabanka, ka rubuta turjiya.

Ba gori nake maka ba, kuma ban ce karatunka banza ne ba. Ni na fi kowa taƙama da shi. Amma ka sa a sauke abin nan daga intanet, ka hau mota ka zo. Fuskarka kawai Mai Janareto ke bukata, ya samu wanda zai yi wa tsawa a gaban mutane, ya huce. Tsawa ba ta kisa.

Ina jiranka.
Yayarka

*

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. An kwana biyu. Yara na tambayarka, Inna ta ce ko ka yi fushi da mu ne.

Katin gayyata ya iso, mai ruwan zinare a gefe. Za a ba ka lambar yabo, kuma za a buga kundin ya zama littafi, wanda ka ce ya bai wa matan talakawa murya. Na gode da kujerar da ka ce an ware min a sahun gaba. A ba wani.

Tun da ba ka tambaya ba, bari in ba ka labari. Da aka gaji da jiranka, manya suka shiga tsakani. Mai Ƙanƙara ta koma ɗakinta, don ba ta iya barci 'ya'yanta huɗu na wani wuri. Sharuɗɗa biyu aka gindaya mata, tunda dole mijin ya nuna wa gari shi ne mai gida. Na farko, ƙwayoyin nan sun tafi, kuma ba za a maye gurbinsu ba. Na biyu, ƙafarta ba za ta sake taka shagona ba.

Yanzu ciki gare ta, na shida. Ƙafafun sun kumbura, tana tafiya tana dafa bango. Ma'aikaciyar asibitin da nake yi wa kitso ta ce an rubuta mata kwanciya, amma wa zai sayar da ƙanƙarar? In za ta wuce ƙofata sai ta juya fuska wajen titi. Jiya ɗankwalinta ya zame, na hango kitson da wata ta yi mata, tsagar a karkace kamar tafiyar mai maye. Na koma ciki na rufe labule. Kan nan na san shi fiye da tafin hannuna.

Shago na nan, ba a daina zuwa ba, gashi ba ya fasa tsiro. Har yanzu ina kunna musu Gidan Rikici. Makon jiya Mai Sanƙo ya mari matarsa a gaban baƙi. Da can da sai an ji ihunmu a bakin titi. Mata shida a zaune, ba wadda ta motsa leɓe. Matar mahauci ma sai da ta ɗaga kwalaben man gashi ɗaya bayan ɗaya ta duba bayansu kafin ta zauna. Ni ma na daina fassarawa. Turawa na ta zuba, mu muna kallo kamar gumaka.

Kai ƙanena ne, hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar. Ɗakinka na nan in ka ga dama. Amma ka yi wa matar nan addu'a ta sauka lafiya, ka yi da gaske, don in wani abu ya same ta, ba kwamitin da zai wanke ka a wurina.

Allah ya tsare.
Yayarka, Mai Kitso

Af, na manta. In ka sake zuwa da wayar taka ka ajiye a kanta, shirun nan da za ta ɗauka, a babi na nawa za ka sa shi?