Guɗar da Na Rangaɗa a Zauren Kiɗa

Silver Spring, Maryland

Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya maigida da yara? Mu nan lafiya lau, sai aikin asibiti.

Ranar Asabar 'yarki Talatu ta yi wasa a makarantarsu. Ita tana busa kilarinet, kamar algaita amma mai sanyin murya, malaminta yana kaɗa piyano. Kiɗan sunansa sonata, kashi uku ne, ashe ko tafi ba a yi sai an gama duka. Ni ina na sani? Da kashin farko ya ƙare, zaure ya yi tsit, sai na rangaɗa guɗa. Yaya, kowa ya waiwayo! Talatu ta sunkuyar da kai.

Sai ta shiga kashi na biyu, mai tafiya a hankali. Yadda take jan numfashi, wallahi marigayi Baba na gani da sarewarsa a gindin mangwaro. Yarinyar da ba ta taɓa ganinsa ba, wadda in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci.

Jiya kuwa ina girki na ji ta a ɗaki tana ta laluben guɗata da kilarinet ɗin. Ta kusa samu.

Don Allah ki nemo kaset ɗin busar Baba ki aiko mata. A sa mu a addu'a. Ki gaida Inna da kowa.

Ƙanwarki,
Ladi