Wayar 'Yan Koyo

Asabar, 3 ga Mayu

An yi zaɓe yau a ƙungiyarmu ta masu tayar da ƙananan jiragen sama na rimot, wai mijin 'yata Auta ne sabon mai kula da tsaron fili. Surukina dai. Mutumin da ni na fara ɗora wa rimot a hannu, ya riƙe shi kamar an miƙa masa sabon jariri. Shi ne yau da usur a wuya da wata riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi. Na kalle shi sama da ƙasa na ce Allah ya taya riƙo. Ya ɗauka da gaske nake, har da rusunawa.

Mai kantin magani ne. Komai sai ya auna da cokali.

Lahadi, 4 ga Mayu

Bai ɓata lokaci ba. Ya ja igiya tsakanin rumfar da muke zama da ciyawar da jirage ke gudu a kai, wai ba mai tsallakewa sai wanda zai tashi. Jirgi ba zai bi ta kan rumfa ko ta kan motoci ba. In za ka tashi ka ɗaga murya ka faɗa, in za ka sauka ka faɗa, in injinka ya mutu a sama ka yi ihu a ba ka hanya. Sannan kowa sai da mai tsaya masa a gefe yana duba masa sama.

Sai ga manyan mutane masu jikoki suna ta "zan sauka, zan sauka" kamar fasinjojin bas. Lauya, shugabanmu, ya fi kowa ɗaga murya, alhali jirginsa ko kofi ba zai iya kayarwa ba. Roba ce mara nauyi, a kwali ya sayo abinsa.

Filin nan da hannuna na tsince masa duwatsu, lokacin shi mai usur ɗin bai gama firamare ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Na yini a ɗakin baya da Tsohuwa, jirgina. Na sake mata gam a gindin fiffike, na wanke injin. Katako ce, kowane haƙarƙari ni na yanka, kuma mai take sha ba batir ba. In ta tashi har mai gonar da ya ara mana filin sai ya san ta tashi.

Wata 'yar ƙusa ta faɗi ƙasa, na yi ta lalube. Uwar yara ta shigo ta ɗauke ta a gaban takalmina, ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Na tsani shirun nan nata. Ni da na ci abinci da gyaran agogo har na yi ritaya, ni za a nuna wa ƙusa? Ƙwan fitilar ɗakin ne ya tsufa.

Asabar, 10 ga Mayu

Na tayar da Tsohuwa ban sanar da kowa ba, ban kuma ɗauki ɗan rakiya ba. Usur ya yi ta kuka a bayana, ko waiwaye ban yi ba. Bayan na sauka mai usur ɗin ya zo ya durƙusa kamar mai taya ni goge mai, ya yi ƙasa da murya, wai Baba a yi haƙuri a riƙa sanarwa, in ya ƙyale ni sauran za su ce don ina surukinsa ne. Wai kuma mai gona ya ce ranar da jirgi ya taɓa mutum ranar zai karɓe filinsa. Na ce masa lokacin da na fara tashi a nan ba wanda zan sanar wa sai shanu, kuma ba wadda ta taɓa kai ƙarata.

Da ta kai can ƙarshe, wajen dogayen bishiyoyi, na ɗan lokaci ta zame mini wani baƙin ɗigo kawai. Ban san ko tafiya take ko dawowa ba. Gajimare ne, ita kuma launin toka gare ta. Ba ma abin rubutawa ba ne.

Asabar, 17 ga Mayu

Bari in rubuta yadda abin ya faru kafin su Lauya su ƙara masa gishiri.

Duk ɗan koyo ya san wannan, ni na koya wa rabinsu: in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarka ta zama hagunsa. Tsohuwa na can wajen bishiyoyi, na tabbata baya ta ba ni. Na karkata ta don ta zagayo ta kan gona. Ashe ni take fuskanta. Maimakon gona sai ta yanko ta kan igiya, kai tsaye rumfa, inji a buɗe. Ƙararta ce ta gaya mini inda take, ba idona ba.

Mijin Auta ne ya kwatsa ihu a kwanta, ko tunawa da usur ɗin bai yi ba. Kowa ya zube. Farfela ta yanke bayan kujerar da matar Lauya ta zamo daga kai, daidai inda wuyanta yake, ta je ta daki tankin ruwa. Fiffiken hagu ya rabu biyu.

Ba wanda ya ji ciwo. Lauya ya fito daga ƙarƙashin tebur da ciyawa a gemu yana maganar doka da sashe, shi da ya riga matarsa ɓuya. Na ce wani ne ya kunna abin da ya shiga layin rimot ɗina. Ba wanda ya musa, ba kuma wanda ya kalle ni. Mijin Auta ya tsince guntayen katakon ya zuba mini a but ɗin mota, har da waɗanda ba za su ƙara amfani ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na gwada rimot ɗin ta kowace hanya. Lafiyarsa ƙalau, tsinanne.

Talata, 20 ga Mayu

Mijin Auta ya zo da yamma, ya ƙi hawa kujera, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin baya yana murza makullin mota. Wai kwamiti ya zauna. Lauya na so a hana ni tashi kwata-kwata, in na ga dama in zo in sha shayi in yi kallo. Shi ne ya yi ta roƙo har aka bar mini ƙofa ɗaya, wato waya.

Wayar 'yan koyo yake nufi, mai haɗa rimot biyu. Malami ke riƙe da rimot ɗin gaske, yatsansa a kan makunni. Muddin ya danne, ɗan koyo ke tuƙi, da ya saki jirgi ya dawo hannunsa. Ni na kawo wayar nan ƙungiya. Da ita na koya masa, kuma har yau in zai sauka sai jirginsa ya yi ta tsalle kamar kwaɗo.

Na ce, "Wato rimot ɗina a hannunka, ni kuma ka miƙo mini na yara."

"Baba, ba zan saki ba sai ya zama dole."

"Wa zai ce ya zama dole?"

Ya ce, "Ni, Baba."

Na ce ya gaida gida. Ba don Auta ba da na faɗi abin da ke bakina.

Alhamis, 22 ga Mayu

Auta ta kira. Ko gaisuwar kirki babu, wai ta karɓar mini rana wajen likitan ido. Ashe har a gida ana zaman kwamiti a kaina. Halin uwarta sak.

Asabar, 24 ga Mayu

Ban je fili ba. Su yi ta ihunsu.

Alhamis, 29 ga Mayu

Likita ya haske mini ido, ya sa ni karanta haruffa a bango kamar ɗan aji ɗaya. Na karanta na sama, sauran na yi ta cinka, yana wani murmushi. Wai yanar ido ce ta fara rufe duka biyun, na dama ya fi. Za a yi aiki, amma akwai layi, sai bayan watanni, kuma bai yi alkawarin zan koma hango abu a sama kamar da ba. Ya ce in ajiye tuƙin mota ma. A hanya Auta ta riƙe mini hannu. Na ƙyale ta, don kada ta yi mini kuka a titi.

Tsoro nake ji. Na rubuta, shi ke nan, ba mai karantawa.

Asabar, 31 ga Mayu

Fiffike ya haɗu. Rabin aikin da lalube na yi shi, kuma duk da haka ya fi na kwalinsu kyau.

Na ce wa uwar yara zan je sayen gam, na ɗauki tasi na sauka a bakin titi, bayan shingen gona. Jiragen ba na ganin ko ɗaya sai sun matso, amma ina jin mutanen sarai. Lauya na shelar zai sauka, sai wani ya yi ihun injinsa ya mutu, Lauya ya fasa ya ba shi fili, mutumin ya sauka lafiya. Da kunne kaɗai na san inda kowa yake. Abin haushi, ihun nasu yana aiki.

Na koma gida ba gam.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na aika wa mijin Auta ya biyo ya ɗauke ni gobe. Don a gwada fiffike ne kawai.

Asabar, 14 ga Yuni

Mun yi sammako kafin 'yan kallo su taru, amma Lauya na nan, shi ko barci ba ya yi. Na miƙa wa mijin Auta rimot ɗina, ya karɓa da hannu biyu. Ya ba ni na 'yan koyo, wanda yatsun rabin ƙungiya suka cinye wa fenti. Ga waya tsakaninmu kamar akuya da mai ita. Shi ya yi sanarwar tashi, ni ban buɗe baki ba.

Tsohuwa ta tashi kamar ba abin da ya taɓa samun ta. Na zagaya da ita, na kifa ta na tayar, har na so in manta da mutumin da ke gefena. Sai dai bakinsa bai huta ba, ƙasa-ƙasa, idonsa a sama: tana tafiya Baba, ta juyo, tana fuskantarmu. Na ce ya rufe mini baki. Ya ci gaba abinsa. Saukar ni na yi ta, ko tsalle ɗaya babu, ya gani ya koya.

Ina goge mai na tambaye shi sau nawa ya karɓa.

Ya ce, "Ko sau ɗaya, Baba."

Ƙarya yake. A wajen bishiyoyi ta ɓace mini gaba ɗaya, yatsana ya sandare ban motsa komai ba, sai na ji ta juyo ta miƙe ta dawo inda zan gan ta. Tsohuwa ba ta juya kanta, ni na ƙera ta. Mutum ya dubi tsabar idon surukinsa ya shara masa ƙarya, wai shi ne mai kula da tsaro.

Na ce masa Asabar mai zuwa ya zo da wuri. Wayar ma ta fara tsagewa wajen baki, na ce ya bar mini ita in naɗe ta a gida, kafin ta ba mu kunya a sama.